Faɗuwar Kwandasta ta Uku

Shekara talatin da 'yan kai Babanmu ya yi yana kwandastan bas a cikin gari, kullum a tsaye, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba. Direba zai taka birki kamar ya ga aljani, fasinjoji su zube kan juna, mai kwandon ƙwai ta shiga salati, shi kuwa Baba yana nan a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙarfe, yana faɗa wa mutane su matsa ciki akwai wuri. Sai da ya ajiye aiki ya dawo ƙasar da ba ta motsi, sannan ya fara faɗuwa. Wannan ya ci masa rai fiye da ciwon.

Ta farko a gindin matakala ce. Baba a hawa na biyu na wani tsohon bene yake zaune, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya taka matakin ƙarshe ba. Yakan riƙe ƙarfen matakalar da hannu ɗaya, ya saki ƙafa ɗaya a iska, ya karkata kafaɗa, ya diro da ɗan gudu irin na mai sauka daga motar da ba ta gama tsayawa ba. Ran nan ƙafar ta ce ta gaji. Ya kurje goshi, ya ce wa mai shagon ƙasa wani ne ya zubar da ruwa, alhali wurin a bushe yake ƙayau.

Ta biyu ba ta ba kowa dariya ba. Ya miƙe daga kujera, jiri ya ɗebe shi, sai ya ɗaga hannu sama zai kama ƙarfen rufin mota, ƙarfen da babu shi a ɗakin kowa. Labule ya kamo, suka sauko tare. Bai karye ba, amma ya kasa tashi. Tun da hantsi yake kwance har rana ta juya, ga wayarsa can kan tebur yana hangenta. Da na kawo masa abinci na same shi lulluɓe da labule, leɓensa ya bushe, ya ce min hutawa yake. Na ɗaga shi da ƙyar, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, don Baba ba ya son a yi masa kuka a gabansa.

Mu biyu ne 'ya'yansa, ni auta, sai Yayana, wanda Baba ke kira Manaja tun kafin ya zama manajan gaske a wani kamfani. Yaya mutumin kirki ne, amma idan tsoro ya kama shi sai ya koma kafa doka. Ya zo da yamma, ya tsaya tsakiyar ɗaki da tumbinsa da makullan mota a hannu, ya yanke hukunci.

"Baba, biyu ke nan. Wallahi in aka yi ta uku ba sauran magana, gidana za ka koma. Ɗakin ƙasa na nan a gyare, da banɗakinsa a ciki, ba matakala, ba hayaniya."

"Ba hayaniya," in ji Baba, kamar an ce masa ba iska.

Gidan Yaya a bayan gari yake, a unguwar da ko keke ya wuce sai karnuka sun yi mamaki. Shi kuwa ɗakin Baba tagarsa a kan tashar bas take. Nan yake wuni da kofin shayinsa, yana sauraron injin kowace mota yana faɗin ciwonta, yana zagin sababbin kwandastoci cewa ba su san aiki ba. A wannan ɗakin Mama ta yi jinyarta ta ƙarshe, kujerarta na nan kusa da tasa, ba mai zama a kai. Na san in aka raba shi da tagar nan, ba zai kai baɗi da walwalarsa ba. Shi ma ya sani, shi ya sa da na ce zan kai shi wurin likitar gashin ƙashi a asibitin unguwa, inda ake koya wa tsofaffi tsayuwa da tafiya, bai yi gardamar da na zata ba. Ya dai ce, "Ni za a koya wa tsayuwa? To, mu je mu ga mai koyarwar."

Ɗaki ne mai faɗi, da madubi a bango ɗaya da dogon ƙarfe a ɗayan, da kujeru marasa hannu. Baba na ganin ƙarfen nan fuskarsa ta saki. Ya shafa shi, ya girgiza shi, ya ce an ɗaure shi da kyau. Tsofaffi ne jere a wurin, har da wani tsohon ɗan sanda mai ƙaton gashin baki da wata tsohuwar malamar makaranta wadda har yanzu take duban mutane ta saman gilashi. Kafin Likita ta shigo, Baba ya gama shirya su.

"A matsa ciki, a matsa ciki! Hajiya, koma can akwai wuri. Kai mai sanda, bar bakin ƙofa, mutane za su sauka."

Likita matashiya ce, siririya, ba ta ɗaga murya. Ta ce kowa ya dafa ƙarfe ya ɗaga ƙafa ɗaya, sannan wanda zai iya ya saki hannu. Malama ta saki, ta tsaya ƙyam tana kallon sauran ajin. Baba ya saki, ƙafarsa ta shiga rawa, ya tafi luu ya rungumi ɗan sanda.

"Malam, lafiya?" in ji ɗan sanda.

"Ƙasar nan ce. Ba ta faɗa wa mutum inda za ta."

Aka yi dariya, ban da Likita. Ta je ta ɗauko wani faifan katako mai ƙullutu a ƙarƙashi, wanda ke lilo in an hau shi, ta ce wannan na waɗanda suka yi nisa ne amma tana son ta ga wani abu. Ta tsaya a bayansa, ya hau. Kai! Sai ga Babana na da ya dawo. Ya ware ƙafafu, ya saki gwiwa, katakon na karkata yana bin sa, har da harɗe hannu a ƙirji. Ya dubi Malama ya ce, "Ina za ki sauka?"

"Baba, sauko," in ji Likita tana murmushi. "Na gane. Jikinka ya saba ƙasa ce ke fara motsi, kai ka amsa mata. Yanzu kai ne za ka fara, ita tana kallonka. Kuma cinyoyinka sun yi sanyi, tun da ka bar aiki zama kake yi. Za su dawo, amma sai ka ba su aiki kullum."

Ta ba shi na gida. Ya zauna a kujera ya tashi ba tare da dafa komai ba, ya maimaita har cinya ta yi zafi. Ya yi tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsu, kusa da bango. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da wani abu mai ƙarfi. In zai miƙe daga gado ya fara zama tukuna jini ya daidaita. Ni kuma ta ce in naɗe ƙaramin kafet ɗin tsakar ɗaki, in kawar da wayoyin caja daga hanya, in sauya ƙwan fitilar matakala, in ɓoye silifas ɗinsa da suka suɗe. Game da diro daga matakala kuwa, ta ce, "Baba, benen nan ya riga ya tsaya a tasha. Ka sauka a hankali."

Duk ya karɓa, sai abu ɗaya. Da ta shimfiɗa katifar roba ta ce yanzu za a koyi yadda ake tashi daga ƙasa in an faɗi, sai ya murtuke.

"Ni ba zan kwanta a ƙasa a gaban mutane ba. Fasinja ma sai ya bugu yake kwanciya a ƙasan mota."

Likita ba ta ja da shi ba. Malama ce ta cire gilashinta, ta miƙa wa ɗan sanda ya riƙe, ta kwanta a katifar a hankali, ta juya gefe, ta yi rarrafe zuwa kujera, ta miƙe. Ta karɓi gilashinta ta ce, "Ni na kwana a ƙasan kicin ɗina saboda ban iya wannan ba. Kai awa nawa ka yi a ƙasa?"

A zuwa na gaba Baba ne ya fara kwanciya.

A gida kuwa na sha wahala. Wai ba zai iya atisaye a ɗaki shiru ba, jikinsa ba ya yarda. Dole ni, matar aure mai 'ya'ya, in zauna a bakin gado ina yi masa ƙarar inji da baki, yana tafiya a kan layin tayil. In na yi shiru in numfasa sai ya ce motar ta mutu, in sake tayarwa. Wata rana ma cewa ya yi giya ta biyu nake ja a kan hanyar da ta kamata a sa ta uku. Da na kai ƙara wurin Likita, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a buɗe masa taga kawai, motocin gaske su karɓe ni. Kafet ɗin kuma na naɗe shi sau ba adadi, ina tafiya yake sake shimfiɗa shi, wai Mama ce ta saya. A ƙarshe muka jingine shi a bayan ƙofa, inda zai riƙa ganinsa.

Sannu a hankali abin ya fara kama jikinsa. Ya daina faɗawa kujera kamar buhu, ya koma zama. Yana goge baki a tsaye da ƙafa ɗaya. Mai shagon ƙasa ya tare ni ya ce ya ga Baba ya taka matakin ƙarshe, har ya ɗauka baƙo ne.

Ranar Asabar da safe Yaya ya zo duba shi. Ina kicin ina dafa shayi, su biyu suna ɗaki, Baba na tsaye kusa da taga yana ba shi labarin yadda ya kunyata ɗan sanda a kan katako. Daga inda nake ina ganinsu ta ƙofa. A ƙasa bas ta ɗauki mutane ta fara ja, sai ga wata mata ta taho a guje da goyo da ƙaton buhu a ka, tana ɗaga hannu, kwandastan kuwa yana can yana danna waya.

A aikin su Baba, bugu ɗaya a jikin mota tsaya ke nan, biyu kuma tafi. Hannunsa bai nemi shawararsa ba. Ya juya da sauri, ya kai wa bango duka da iya ƙarfinsa yana ihun "Tsaya! Akwai mai shiga!", bangon kuwa ya fi nisan da hannun ya zata. Ya bugi iska, ya juya rabi, ya sauka a kan ɗuwawu, ya kwanta gaba ɗaya.

Na saki cokali na fito. Yaya ya zubar da makullai. Daga ƙasa Baba ya ce, "Ta samu shiga?"

Na leƙa taga. "Ta samu."

"Madalla."

Na san lissafin da Yaya ke yi. Sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, atisaye ne fa. Likita ce ta ce ya riƙa kwanciya yana tashi."

"Atisaye? Da ihu? Auta, ni za ki raina wa hankali?" Ya riga ya ciro waya. Ashe ma akwai wani mai motar ɗaukar kaya da ya daɗe da yi wa magana, jira kawai yake. "Ka taho yanzu. E, benen nan na kan tasha." Ya kashe, ya sunkuya zai cicciɓi Baba.

"Kar ka taɓa ni," in ji Baba.

"Baba..."

"Manaja, na ce kar ka taɓa ni. Koma can ka tsaya."

Ya kwanta shiru yana numfashi. Ya motsa wuya, ya motsa yatsun ƙafa, ya taɓa ƙugu, kamar yadda aka koya musu, don a tabbatar ba abin da ya karye. Sannan ya lanƙwasa gwiwa ya mirgina gefe. Ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗago, ya tsaya a kan hannuwa da gwiwoyi. Jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa. Na cusa hannuwana a hammata don kada su je su taimaka. Kujera mafi kusa ita ce ta Mama, can ya nufa da rarrafe. Ya dafa ta da hannu biyu, ya kafa ƙafar dama, ya tsaya ya huta, ya yunƙura, ya juya, ya zauna a kanta. Gumi na bin gemunsa.

"Auta, na gode da ƙaryar," ya ce, "amma faɗuwa na yi. Ta uku ce, Manaja, ka rubuta."

"To ai shi ke nan," in ji Yaya, muryarsa ba ƙarfi.

"Ba shi ke nan ba. Kwanta."

"Na'am?"

"Kwanta a inda na kwanta, ka tashi mu gani. Tun da gidanka za ka kai ni, ya kamata in san ko mai gidan yana tashi."

Yaya bai taɓa yi wa Baba musu ido da ido ba, sai ta waya. Ya cire takalma, ya tattare riga, ya kwanta rigingine a tayil yana cewa wannan wasan yara ne. Ya yunƙura zai tashi kai tsaye, tumbi ya ce ina. Ya sake yunƙurawa, ƙafafu suka tashi sama, kai ya koma ƙasa. Ya kama ƙafar ƙaramin tebur ya ja, tebur ya taho, kwanon sukari ya juye masa a ƙirji. Ni dai na juya fuska bango, kafaɗuna suna rawa.

"Ba haka ake yi ba," in ji Baba daga kan kujera. "Lanƙwasa gwiwa. Ɗayar. Mirgina wajena. Kai, wajena na ce, ba wajen ƙofa ba! Wa ya ba ka manaja?"

Yaya ya mirgina, ya kai kan gwiwoyi, sai ya tsaya a haka, kansa a sunkuye, sukari na zuba daga rigarsa. Na ɗauka hutawa yake. Ashe kuka yake.

"Baba, tsoro nake ji," ya ce. "Tun ranar da Auta ta ce ta same ka a ƙasa, in wayata ta yi ƙara sai in ɗauka mugun labari ne. Ina ofis kai nake tunani. Ba ɗakinka nake so in ƙwace ba. Ba na so ne a kira ni a ce an same ka."

Na daina dariya. Baba ya daɗe yana kallon ƙeyar ɗansa, wadda furfura ta fara ci.

"Ni ma tsoron nake ji," ya ce. "Ranar nan da na wuni a ƙasa, na zata a nan za ku same ni. Ba faɗuwar ce ta karya min zuciya ba, kasa tashin ne. Yanzu ka gani da idonka, na tashi. Zan iya sake faɗuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, a gidanka ma akwai ƙasa. Ka sa min ƙarfe a bango daga gado zuwa banɗaki, ka saya min igiyar da zan rataya wayar nan a wuya. Duk ranar da ka zo, ka ce in kwanta in tashi. Ranar da na kasa, ba sai ka yi magana ba, ni zan ce a tsaya in sauka. Na yi shekaru ina sauke mutane, na san in mutum ya iso tasharsa. Ban iso ba tukuna."

Yaya ya ja hanci. "In ka kasa za ka faɗa? Ba za ka ce hutawa kake ba?"

"Zan faɗa. Yanzu dafa gwiwata ka miƙe, kana zubar min da sukari."

Muna cikin shara mai motar kaya ya iso yana danna hon. Yaya ya ce bari ya sauka ya sallame shi, Baba ya ce ba a sallamar mota haka kawai, ai ta zo ɗaukar kaya, a ba ta kaya. Ya dubi ɗakin, ya nuna ƙaramin teburin da ke tare hanya. Sannan ya je bayan ƙofa, ya shafa kafet ɗin Mama, ya ce wa Yaya, "Wannan ka shimfiɗa shi a ɗakin da ka gyara min. Ya jira ni a can."

Muka sauko tare, Yaya a gaba da tebur, ni da kafet, Baba a baya yana riƙe da ƙarfen matakala, mataki bayan mataki. Da ya zo na ƙarshe na ga kafaɗarsa ta fara karkata, ƙafar ta ɗan ɗaga. Ya dube ni, ya mayar da ita, ya taka matakin da ƙafa biyu, sannan ya sauka.

Mai mota ya leƙo yana kallon tebur da kafet a bayan ƙatuwar motarsa. "Ina sauran kayan? An ce min har da tsoho."

"Tsohon ya fasa tafiya," in ji Yaya.

Baba ya matsa kusa da motar, ya ware ƙafafu ya kafa su sosai, ya auna nisan da ido. Sannan ya ɗaga tafin hannu ya bugi jikinta sau biyu.